Gyambon Gwaggo Batulu

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
6 ga Fabrairu, 2023

Zuwa ga 'yata Radiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki Muntasir da yara. Yaya Fatakwal, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Baffanki Sadiƙu da matarsa Fauziyya suna gaishe ki.

Kin san ni da waya. Kunnena ya yi nauyi, sai an ɗaga murya nake ji, da an ɗaga kuwa duk tsakar gida ta ji. Shi ya sa na ba Malam Bahago direba wannan takarda, tun da a garinku yake sauke kaya.

Abin da ba a rasa ba ɗin, ƙafata ce ta hagu. Wata goma sha huɗu ke nan da bakin bokiti ya ƙwarzane ni, ɗan sama da idon sawu ta ciki. Ƙwarzanen bai kai farce ba. Yau ya kai faɗin murfin gwangwanin madara. Ba shi da zurfi, amma ruwa yake yi ba tsayawa, tsumma uku nake canzawa kafin la'asar. Fatar da ke kewaye da shi ta yi baƙi, ta yi tauri kamar ƙirgi, ga ƙaiƙayi. Da safe ƙafar takan sace, da yamma ta kumbura har silifa ba ta shiga. Jijiyoyin nan da suka taso mini a bayan ƙwauri tun ina koyarwa a firamare sun ƙara kauri.

Ba zama na yi ba. Mai kemis ya ce in riƙa fasa kafso ja da rawaya ina barbaɗawa, na yi wata biyar ina yi. Fauziyya ta kawo garin wani sassaƙe daga ƙauyensu. Baffanki ya ce wani abu na taka. Kowa da nasa, gyambo yana nan yana faɗi.

Matan auren da nake koya wa karatu da rubutu bayan la'asar, bara su goma sha tara ne. Yanzu goma sha ɗaya. Ba wadda ta ce mini komai. Ina kunna turaren wuta kafin su zo, amma ina ganin yadda tabarmarsu take ja da baya kullum.

Ni na raine ki tun rasuwar ubanki Mamman kina shekara huɗu, ke ce kuma Allah ya ba karatun jinya a gidan nan. Ki aiko mini da maganin da zai busar da shi. Ba na son zuwa asibiti a kwantar da ni a tara mini ɗalibai a ka.

Gwaggonki,
Batulu

Fatakwal
19 ga Fabrairu, 2023

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode Allah da kuke lafiya. Muntasir da su Suhail suna gaishe ki ƙwarai. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, Malam Bahago yana jira a bakin get.

Wata goma sha huɗu, Gwaggo, sai yau nake ji? Bari dai in bar wannan.

Yadda kika kwatanta shi, na san irinsa, muna ganinsu a nan. Ba abin da kika taka. Jinin da ya sauka ƙafa dole ne ya koma sama zuwa zuciya, kuma a cikin jijiyoyin akwai wasu 'yan ƙofofi da ke hana shi zubowa ƙasa. Shekara talatin da biyar kina tsaye gaban allo, ƙofofin sun saki. Jini yana taruwa a ƙasa, fatar tana jiƙewa ta ciki, shi ya sa ɗan rauni ya ƙi rufewa. Kin lura in kin ɗora ƙafar a kan filo ciwon yana raguwa? To, alamar ke nan.

Babu garin da zan aiko miki ya busar da shi. Don Allah ki daina kafson nan da sassaƙen, ƙona wurin suke yi. Ki riƙa wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce, ki rufe da abu mai tsabta. Ainihin maganinsa ɗauri ne, bandeji mai matsewa tun daga tushen yatsu har ƙasan gwiwa, shi yake tura jinin sama. Amma kada ki ɗaure da kanki, kada ki bari kowa ya ɗaure. Sai an fara auna ƙarfin jinin a idon sawu da na hannu da wani ɗan inji, kamar awon hawan jini. In hanyar da ke kawo jini ƙafar ta tsuke, ɗauri ɓarna zai yi. Za su kuma gwada ko akwai suga.

Saboda haka asibiti ya zama dole. Ki sa Baffa ya kai ki babban asibiti, ki ce a tura ki wajen masu duba gyambo. Kada ki tsorata in kin ga sun kawo almakashi da wuƙa. Abin da ya riga ya mutu dole a yanke shi, in ba haka ba sauran ba zai rayu ba.

Ina da hutu bayan ƙaramar Sallah, zan zo in gani da idona in Allah ya yarda.

'Yarki,
Radiya

Ƙofar Gayan
2 ga Afrilu, 2023

Radiya,

Ina gaisuwa, ina yi muku barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadunmu. Nan kowa lafiya.

Na karanta takardarki sau uku. Na gane abin da kike nufi, na kuma gode da ba ki ɓoye mini ba. Gara mutum ya ji daga bakin nasa.

Ƙafa kam ta daina damun kowa a gidan nan. Kada ki sa ta a ranki, ki ji da aikinki.

Ki shafa mini kan Suhail.

Batulu

Fatakwal
25 ga Afrilu, 2023

Gwaggona,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya, yara sun yi Sallah cikin murna.

Wallahi takardarki ta sauke mini nauyi. Da ma na san in kika je asibiti aka fara ɗaurin, ruwan da warin su ne za su fara tafiya. Ki dage da zuwa ko da kin ga ya rufe, irinsa yana son dawowa.

Tun da an samu sauƙi, ga wata magana. An zaɓe ni kwas na wata uku a Legas, mutum biyu kawai aka ɗauka a duk asibitinmu, kuma ya faɗa daidai lokacin hutuna. Da kina kwance ne da ba zan ko duba shi ba. Na san ke ce za ki fara cewa in tafi. Zan zo bayan na gama.

Ga atamfa turmi ɗaya da takalma, lamba talatin da tara kamar yadda kike sawa. Ki sa su ranar da za ki fara fita unguwa.

'Yarki,
Radiya

Legas
18 ga Yuni, 2023

Gwaggo,

Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni lafiya, karatu ne dai ya yi yawa.

Muntasir ya ce sau biyu Malam Bahago yana zuwa hannu wofi. Na kira Baffa Sadiƙu sau uku, kullum sai ya ce kina ɗaki, da sauƙi. Na ce ya kai miki wayar, ya ce ba kya so.

In don na ɗaga zuwana ne kike fushi, ki faɗa mini in ba ki haƙuri. In takalman ne ba su yi ba, a canza. Shirun ne ba na so. Wannan takarda ta hannun Muntasir za ta biyo.

Radiya

Ƙofar Gayan
30 ga Yuli, 2023

Radiya,

Ina gaishe ki da mai gida da yara. Kin tambayi lafiyata. Yanzu da sauƙi, wannan karon kuma na gaske ne.

Takalma sun iso, suna cikin kwalinsu. Zauna ki karanta wannan, kada ki karanta a tsaye.

Kin rubuta mini cewa abin da ya mutu dole a yanke shi. Na riga na gaya miki fatar ta yi baƙi ta yi tauri. Da na karanta, sai na buɗe zane na duba inda baƙin ya tsaya, na auna da yatsu, saura shida ya kai gwiwa. Na tuna Alhaji Lawal mai goro na bayan gidanmu, da aka kai shi asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Na ce tun da 'yata da ta san aikin ta faɗa, magana ta ƙare. Na yanke wa kaina in mutu da ƙafafuna biyu.

Ban je asibiti ba. A makon farko na azumi ina duba littafin ɗalibata Rabi, sai na ga ta ja mayafi ta toshe hanci a hankali, wai don kada in gani. Ranar na sallami matan, na ce a huta sai bayan Sallah. Washegari na kwashe shimfiɗata na koma ɗakin baya inda ake ajiye hatsi, saboda yaran Fauziyya sun fara cin abinci a zaure. Fauziyya ta ware mini kwano da buta. Abin da nake nufi ke nan da na ce ƙafa ta daina damun kowa.

Akwai wani mutum a wajen Ƙofar Kibo da ake cewa gyambo ba ya gagararsa. Baffanki ya kai ni. Ya shafa wani baƙin ƙulli mai zafi kamar barkono, ya rufe da ganye, ya naɗe da igiya. Sau bakwai ina zuwa. Murfin gwangwani ya koma tafin hannu. Bayan babbar Sallah da kwana huɗu zazzaɓi ya rufe ni, ƙafar ta yi ja har cinya, ko buta ban iya ɗauka.

Kin tuna Lami matar tela, wadda ta shekara biyu ba ta iya rubuta sunanta daidai ba? Ita ce ta shigo ɗakin ba sallama, ta yaye zanen, ta duba. Ba ta toshe hanci ba.

Ta ce, “Malama, tashi.”

Na ce, “Yanke ta za su yi, Lami.”

Ta ce, “In kin zauna nan ma ai kabari zai yanke ta. Tashi, ga Keke Napep a ƙofa.”

A asibiti wata likita ce ta duba ni, yarinya sa'arki. Kafin ta taɓa ni na ce mata ban yarda a yanke ba. Ta ce wa ya ce za a yanke. Na ciro takardarki daga jaka na miƙa mata. Ta karanta, sannan ta ce, “Mama, mataccen nama take nufi. Wannan rawaya-rawayan da ke kwance a kan gyambon, shi za mu kankare. Mai wannan takarda ta san aikinta, duk abin da ta rubuta daidai ne.”

Ta ɗora ɗan injin a idon sawuna, na ji jinina yana huci kamar zugazugin maƙeri. Ta auna na hannu, ta ce jini yana isa ƙafar sosai, za a iya ɗauri. Suga babu. Kwana tara na yi a kwance ana yi mini allurai saboda ƙwayar cuta da ta shiga. Yanzu duk Talata Lami tana kai ni, su wanke, su naɗe bandeji rufi huɗu.

Likitar ta ce kin san aikinki. Ni kuwa shekara talatin da biyar na yi ina koya wa yara su rubuta jimla yadda mai karatu ba zai ɓata ba, ke ma a hannuna kika koya. Kalma ɗaya ta rage miki, nama. Harafi huɗu. Ba ki da lokacinsu, direba yana jira.

Sannan na rubuto miki layi ɗaya, kika ɗauki ma'anar da ta fi miki sauƙi, kika tafi Legas. Nas ce ke, kin san gyambon wata goma sha huɗu ba ya warkewa a mako shida. Ana cewa zumunta a ƙafa take. Tawa ruɓewa ta yi. Taki fa, me ya same ta?

Batulu

Fatakwal
13 ga Agusta, 2023

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida mini Lami, ki ce Allah ya saka mata, ban da bakin gode mata.

A zaune na karanta. Na kasa zuwa aiki ranar. Laifin layin nan nawa ne, ba zan yi musu ba. Kullum muna faɗin haka a asibiti har na manta yadda yake faɗa wa kunnen mai ciwo. Gaskiya ne kuma na san mako shida ya yi kaɗan. Na sani, na kau da kai, domin ina son kwas ɗin. Ki yafe mini.

Amma Gwaggo, bari ni ma in faɗi tawa ko da za ki ce na yi rashin kunya. Ke malama ce, ba kya rubuta abin da ba ki auna ba. Da kika ce ƙafa ta daina damun kowa, kin san yadda zan karanta shi. Da kin ce, Radiya ina tsoro, da a daren zan hau mota. Wata goma sha huɗu kika ɓoye mini, sannan kika ƙara huɗu a ɗakin hatsi, Baffa yana ce mini da sauƙi. Yaya zan yi da gidan da kowa ya rufe mini ƙofa sannan a ce ban shigo ba?

Na nemi hutu, sun ce na riga na cinye shi a kwas, sai Disamba. Na roƙa har na yi kuka a ofis, ba su ba ni ba.

Ki kula da waɗannan, na rubuta su a hankali. In yatsun suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina jin taɓi, ko ciwo ya tsananta, a kwance bandejin a koma asibiti a ranar. Kada ki jiƙa shi. In kin zauna ki ɗaga ƙafar ta fi ƙugu. Tafiya tana da amfani, tsayuwa wuri ɗaya ce ba a so. Ki ci ƙwai da wake.

Ni da Muntasir mun yi magana. In na zo Disamba mu taho tare, ki zauna wajenmu, akwai ɗaki.

'Yarki,
Radiya

Ƙofar Gayan
26 ga Nuwamba, 2023

Radiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ku duka kuna lafiya. Nan lafiya. An yi girbi, an cika ɗakin baya da dawa, ni kuma na koma ɗakina.

Gyambo ya rufe. Talatar da ta wuce nas ta kwance bandejin, ta duba, ta kira likita, suka ce shi ke nan. Mako goma sha tara aka yi. A hankali ya riƙa tsukewa daga gefe, wani makon ma sai ya tsaya cik har in fid da rai. Wurin ya bar tabo mai sheƙi, fatar sirirya kamar ta albasa, baƙin kuma sun ce ba zai tafi ba. Sun ba ni wata doguwar safa mai matsewa, in sa da safe kafin in sauko daga gado, in cire in zan kwanta, har iyakar raina. Sa ta yaƙi ne, amma ina sawa. Sun ce akwai aikin jijiya da ake yi don kada ya dawo, sun ba ni rana a watan Fabrairu in je a yi hoton ƙafar.

Baffanki yana gaya wa mutane a masallaci cewa shi ya tsaya a kaina har na warke. Fauziyya ta mayar da kwanona cikin na gida.

Na aika wa matan cewa za a koma karatu. Na share zaure, na shimfiɗa tabarma uku. Mutum huɗu suka zo. Sauran suna zuwa wajen wata yarinya a Ƙofar Kibo mai benci da farin allo, tun watan Mayu. Na haɗu da Rabi a gidan suna, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce, “Malama, mun riga mun saba can.” Shekara goma sha ɗaya na yi ina tara matan nan ɗaya bayan ɗaya, ina bin mazajensu da roƙo. Na naɗe tabarma biyu na mayar ɗaki.

Maganar Fatakwal, ki gode wa Muntasir. Ba zan zo ba. Mutum huɗun nan suna zuwa.

Na daɗe ban amsa takardarki ba saboda akwai gaskiya a ciki, kuma ban ji daɗinta ba. Kin ce na san yadda za ki karanta layin nan. Na sani. Sau biyu na rubuta shi, na farko ya fi bayani, na yaga. So nake in ga ko za ki zo duk da haka. Kin ce in yafe miki, na yafe, ke ma ki yafe mini. Amma na riga na ga abin da na so in gani, ba yadda zan yi in mayar da shi ban gani ba.

Ki zo Disamba, ki taho da yara. In kin sa rana ki kira Lami, lambarta tana bayan takardar nan, ita za ta tare ku a tasha. Ita ta san inda komai nawa yake yanzu. Makullin ɗakin da kika girma a ciki ma yana hannunta, sai ki tambaye ta.

Gwaggonki,
Batulu